Baƙin Sa Mai Farin Ciki

Da hantsi, ana shirin buɗe gasar shanu ta garin Paso Tala, waya ta yi ƙara a caji ofis. An sace Carbón.

Insfekta Ruperto Galarza bai tambayi ko wane ne Carbón ba. Duk lardin an san baƙin bijimin Don Evaristo Maidana, wanda aka riga aka ba kambun bana a baki. Don Evaristo ne kuma ya riƙe Ruperto a coci ranar baftismarsa, shi ya sa har yau yake ce masa Baba.

A filin gasa ya tarar da tsohon tsaye a bakin turken da babu komai, hannayensa cikin bargon kafaɗa duk da zafin rana. Gefensa ga Hilario, babban makiyayinsa tun suna samari, ya sunkuyar da kai.

"Baba, kwaɗon nan ba fasa shi aka yi ba. Su wa ke da makulli?"

"Ni da Hilario."

"Naka yana ina?"

"Ni kake tuhuma, Tito? A gaban jama'a?"

Ruperto ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Don ya wanke kansa, sai ya juya ya ce wa Sajan Brítez, "Sa wa wannan ankwa."

Hilario ya miƙa hannaye. Aka ratsa da shi ta tsakiyar masu gashin nama, mata na nuna shi da baki.

Kafin ya fita, insfektan ya tsuguna. Akwai baƙin tabo a kan ciyawar da san ya kwanta. Ya shinshina. Warin shagon gyaran gashi ne.

A sel na caji ofis, Hilario bai jira tambaya ba.

"Ni na sayar da shi, Yallaɓai."

"Wa ka sayar wa?"

"Wani ɗan Paraguay."

"Sunansa?"

"Bai faɗa ba. Ya zo da babbar mota ja."

"Mai gadi ya ce ko keke bai fita ta babbar ƙofa ba. Ta baya kuma sawun sa ne da sawun doki. Ɗan Paraguay ɗin naka a kan doki ya ɗauko motar?"

Sajan Brítez ya ƙyalƙyale da dariya, insfektan ya harare shi.

"Carbón ba ya bin kowa sai mutum biyu," in ji Ruperto. "Mu ga hannunka."

Hannayen a faskare suke da aiki, amma tas.

"Baƙin da ke kan ciyawa fa?"

"Baƙin mai ne," in ji Hilario, yana kallon bango. "Rubuta kawai, na sa hannu."

Ruperto bai rubuta ba. Ya koma filin gasa, ya sami Don Casimiro Ojeda, wanda shanunsa suka saba zuwa na biyu, yana yankar haƙarƙari.

"Kowa ya san kai za ka ci riba in babu Carbón."

"Ni? Sai na kayar da shi a fili zan ji daɗi, ba a bayan gari ba." Ya nuna shi da wuƙa. "Je ka tambayi babanka abin da ya hana shi cin nama jiya da yamma."

"Me ya faru?"

"Muna kan tebur babban alƙalin gasa ya sanar cewa bana za a goga farin ƙyalle da sifirit a fatar cikin kowane sa. Ka san doka: farin gashi ko ɗaya a gaban cibiya, an kori san, an kuma sa wa duk zuri'arsa alamar tambaya. Sai na ga Evaristo ya ajiye wuƙa ya tashi. Ka taɓa ganin Maidana ya bar haƙarƙari a faranti?"

Shagon gyaran gashi ɗaya ne a Paso Tala, na Doña Chela. Ta tare shi da furfura a fili.

"Ka zo kallon tsufana ne, Tito? Kalla da kyau. Satin biki guda, babu baƙin rini a garin nan. Babanka ya kwashe."

"Ya ce me zai yi da shi?"

"Wai gashin bakinsa. Na ce, Don Evaristo, gashin bakin nan daga nan har birnin Corrientes ya kai?"

Matan shagon suka fashe da dariya. Ruperto ya fita bai ɗaga ido ba.

Da la'asar ya isa gonar Maidana shi kaɗai. Bayan gida, cikin fadama, ya hangi baƙin abu tsaye a ruwa har gwiwa. Bai ƙarasa ba, ya wuce baranda.

Don Evaristo na zaune, har yanzu cikin bargo. 'Yarsa Zulema ce ke riƙe da buta tana zuba mate, shayin nan mai ɗaci da ake zagayawa da shi a ƙoƙo ɗaya, ana zuƙa da bututun ƙarfe. Wannan kaɗai ya ishi Ruperto. Tun tasowarsa bai taɓa ganin wani ya taɓa butar nan ba sai maigidan. Shi ke zubawa, shi ke miƙawa, kuma ƙoƙo ba ya daina zuwa wa mutum sai ya ce ya gode, wato ya fita daga zagaye.

"An gano ɗan Paraguay ɗin?" in ji tsohon.

"Wa ya gaya maka akwai ɗan Paraguay, Baba?"

"Zance yana yawo."

"Hilario ya amsa laifi. Satar sa mai rajista ba wasa ba ce. A shekarunsa, ba lallai ya fito da ƙafarsa ba."

Zulema ta dubi mahaifinta. Shi kuwa ya dubi fadama.

Ruperto ya shanye nasa. Maimakon ya mayar wa Zulema, sai ya karɓi butar, ya cika ƙoƙon, ya miƙa wa tsohon.

"Ban taɓa zuba maka ba, Baba. Kar ka mayar mini da hannu."

A ƙasar nan ba a barin ƙoƙo a iska. Don Evaristo ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya fiddo hannu daga bargo. Yatsun baƙi ƙirin, har ƙarƙashin farce.

"Baba," in ji Zulema a hankali, "me ka yi?"

"Tabo ne kamar tafin hannu," in ji tsohon, muryarsa ƙasa-ƙasa. "A gaban cibiya. Da shi aka haife shi. Kakanki ya sha rantsuwa garkenmu bai taɓa fitar da farin gashi ba, ni kuma na maimaita wa duk wanda ya sayi ɗan maraƙi a hannuna. Duk gasa nakan rina shi da safar hannu. Jiya safar ta yage, na ce ai babu komai. Rinin bai gama kamawa ba na ji maganar ƙyallen. Da asuba na ja shi zuwa fadama."

"Hilario ya sani?"

"Shi ke riƙe mini igiya tun san yana maraƙi."

"Kana tsaye na sa masa ankwa."

"Na zaci za ka tsare shi kwana biyu, gasa ta watse, sa ya dawo da kansa."

"Da ni ka yi aikin ke nan." Ruperto ya miƙe, ya kasa haɗa ido da shi. "Ƙarar ƙarya, da yaudarar gasa. Ɗauko hularka, Baba."

Ya so ya bi da shi ta bayan gari. Tsohon ya ƙi. Ya cire bargon ya ba Zulema.

"Ta inda aka bi da Hilario za ka bi da ni."

Suka ratsa filin gasa a ƙafa, hannayen a fili. Don Casimiro ya buɗe baki zai yi magana, ya ga yatsun, ya cire hularsa ya juya baya.

A caji ofis Ruperto da kansa ya buɗe sel.

"Ka yafe ni, Don Hilario. Ban tambaye ka komai ba kafin na ɗaure ka."

Hilario maigidansa yake kallo.

Don Evaristo ya roƙi Sajan Brítez butarsa da ƙoƙonsa. Ya zuba a kan teburin ofis, ya miƙa.

"Sha, Hilario. Ai tare muke sha kullum."

Hilario ya karɓa, ya zuƙe har ƙoƙon ya yi ƙara. Duk tsawon zamansu bai taɓa fita daga zagayen maigidansa ba. Ya goge bakin bututun da babban yatsa, ya mayar masa a hannu.

"Na gode, Maigida."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Ba hanyar gona ya bi ba.

Tsohon ya tsaya riƙe da ƙoƙon wofi, har Sajan Brítez ya taɓa masa kafaɗa ya nuna masa ƙofar sel.