Ankon Gidan Makerita

Almakashi na hannun Fuatino lokacin da suka shigo shagon, kuma Allah ne kawai ya tsare ba ta datse yatsanta ba.

Makerita ce a gaba, mahaifiyar tsohon saurayinta Peni, tana fifita da maficin kaba. A bayanta Apaula ce, 'yar faston ƙauyensu, tana taku ɗai-ɗai kamar mai tsoron ƙasar shagon ta ɓata mata takalmi.

"Ankon biki muka zo ba ki," in ji Makerita. "An ce duk birnin Apia babu mai buga ado a zane kamarki. Ai ba a raba mutum da sana'arsa."

"Bikin wa?" ta tambaya, alhali ta sani.

"Au, ba ki ji ba?" Apaula ta yi wani murmushi. "Nawa da Peni mana... Kuma sabon zane nake so. Dangi na jiki da ƙawayena kawai za su sa. Ba na son in ɗaga ido in ga wata mai sayar da gwaza sanye da shi."

Fuatino ta ajiye almakashin a hankali.

Ta so Peni so irin wanda ba a yin sa sau biyu. Ranar da ya kai ta gidansu, Makerita ta kalli hannuwanta a gaban dangi, ta ce gidan sarauta ba ya ɗaukar yarinyar da farcenta ya rine da shuni. Maganar ba ta yi mata zafi kamar shirun Peni ba, don sunkuyar da kai ya yi bai ce uffan ba. Yau kuma ga su sun biyo ta har shago su yayyafa wa ciwon gishiri.

"Zan buga muku," ta ce. "Zanen da ba za a manta da shi ba."

Abin haushin, Peni ne da kansa ya ba ta makamin. A da tana zaton 'yan matan birni masu danna alamar so a shafin shagon na intanet su ne kasuwarta. Shi ya zaunar da ita, ya buɗe mata alƙaluman shafin a waya.

"Tino, masoyiyata, waɗannan ko ƙyalle ba sa saya. Duba nan ki ga masu ciyar da ke."

Ashe iyaye mata ne na ƙauyuka, da 'yan'uwansu na ƙetare, mazauna Auckland da Brisbane, masu turo musu kuɗin ɗinki. Ba sa danna komai, ba sa rubuta komai. Ranar Lahadi da rana, an taso coci, an ci an ƙoshi, gari ya yi tsit, sai kowacce ta kishingiɗa a tabarma ta buɗe shafin.

Ta sassaƙa allon buga adon da hannunta, jan fure a kan shuɗi, mai kyan da ita kanta sai da ta tsaya kallo. Ta aika wa gidan Makerita nasu. Sannan ta ci gaba da bugawa, turmi bayan turmi, har kafaɗarta ta riƙe. Lahadi na zuwa ta ɗora hoton a shafi, a daidai lokacin kishingiɗa, da farashin da ko mai tallan ayaba ba za ta yi ciniki ba.

Kafin rana ta faɗi wayarta ta ɗauki zafi da saƙonnin masu saye. Daɗi ya cika ta, irin daɗin da ba ya sa mutum dariya. Tana hango fuskar Makerita ranar biki, ga masu dafa abinci da masu wanke-wanke duk a ankon amarya.

Biki ya matso sai ga Peni, wai ya zo gwada rigar angon da aka ba ta ɗinki. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Ɗaga hannu," ta ce, tana zare awo daga wuyanta.

"Na ga hoton, Tino. Lahadi da rana... Ashe kin riƙe karatun."

"Malamina ƙwararre ne. In ka zo ne in sauke shi, ka makara."

"Bar hoton inda yake. Don ke na zo." Ya riƙe hannunta, awon ya faɗi ƙasa. "Ki ce kada in yi. Kalma ɗaya. Yau ɗin nan mu hau jirgin ruwan tsibirin Savai'i, kawuna zai karɓe mu."

"Yau kake da baki? Ranar da uwarka ke ƙidaya min farce ina ka bar shi?"

"Na ji tsoro. Na yi kuskure, na sani. Rabin raina, kada ki bari mu yi na biyu..."

Zuciyarta ta karye, gaskiya ta karye. Tana son sa har lokacin, kuma ta san da gaske yake. Amma idan ta bi shi babu biki, idan babu biki Makerita ta tsira ke nan, duk turamen da ta buga sun tashi a banza. Ta riga ta yi nisa, ba ta jin kira.

Ta zare hannunta.

"Rigar ta yi maka daidai. A gaida amarya."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗauki rigar ya fita.

Ranar biki ta tsaya ƙarƙashin bishiyar mangwaro a tsallaken cocin. Motocin haya suka riƙa sauke mata, kowacce jan fure a kan shuɗi: tsofaffi, masu goyo, baƙin Auckland da manyan tabarau, har da masu hura wuta a bayan gida. Filin cocin ya zama shuɗi ɗaya. Fuatino ta harɗe hannu tana jiran a fara kallon-kallo.

Aka fito daga coci. Makerita ta ja ta tsaya turus a bakin ƙofa.

Sai wata tsohuwa ta ɗaga waƙa, sauran suka amsa, aka shiga tafi da rawa. Mai magana da yawun gidan ya dogara sandarsa, ya ce tun tasowarsa bai taɓa ganin bikin da gunduma guda ta sa kayan gida ɗaya ba, yau an san wane ne wane. Apaula kanta ta ɗaga haɓa tana ɗaukar hoto. Makerita kuwa hawaye take sharewa, na farin ciki.

"Kai, 'yar nan, kin kyauta," wata dattijuwa da ta saba sayen zane a wurinta ta dafa ta. "Makerita ta zo mana taron mata da yankin zanen tana ta fahariya. Da muka gan shi a shafinki muka ce ai gidan ne suka buɗe wa kowa. Wa zai zo da wani kaya ya zama bare?"

Fuatino ta sake duban filin cocin. Ta san su waye matan, ta san lokacin da suke buɗe waya, amma ko sau ɗaya ba ta tambayi kanta me suke gani idan sun kalli zane ba.

Can sai ga Makerita ta tsallako titi da kanta, riƙe da kwandon nama da gwaza, rabon manyan baƙi. Ta ajiye shi a gabanta, mutane na kallo suna yaba karamci. Ta matso, ta rage murya.

"Na san abin da kika nufa, yarinya. Ni ma mace ce. Ranar da ɗana ya je gwada riga ya faɗa min a fuskata, in kin yarda ba zan sake ganinsa ba. Ban iya ko shan ruwa ba sai da ya dawo." Ta gyara mata wuyan riga kamar uwa. "Da kin so shi fiye da yadda kika tsane ni, da yau ni ke tsaye a nan. Na gode, 'yata."

Ta juya ta koma cikin masu rawa.

A ƙofar coci Peni ya buɗe wa amaryarsa mota, ya tattare mata gefen riga, ya zagaya ya shiga. Bai kalli tsallaken titi ba.