Yatsa na Huɗu a Ƙofar Ɗakin Saba

Sufeto bai gama zama ba aka miƙa masa ɓarawo. Shi kuwa tun da ya fara aikin ɗan sanda ba ya son ɓarawon da aka ba shi a sama.

"Ga shi nan, Yallaɓai, injiniyanmu ne," in ji Hajiya mai kamfanin. "Ku tafi da shi kawai."

Takalma da jakunkuna kamfanin yake sayarwa ta intanet, ba shi da shago ko ɗaya. Sunayen kwastomomi, lambobin wayarsu, adireshinsu da duk odar da suka yi suna cikin wata babbar kwamfuta da ake kira saba, a wani ɗan ɗaki mai sanyi kamar firiji. Ranar Lahadi da rana, ofis a rufe, wani ya shiga ya goge sabar tas, ya kuma zare faifan ajiya da ake kwafe komai a ciki saboda ɓacin rana. Yanzu kaya na jibge a sito, ba wanda ya san mai su balle inda za a kai su.

Ƙofar ɗakin ba ta da mukulli. Yatsa ake ɗorawa a kan wata na'ura ta buɗe, ta kuma riƙe sunan wanda ya shiga. Sunan Injiniya ta riƙe.

Injiniya na tsaye a gefe. Tsoro yake ji, kuma da gaskiyarsa. A irin aikinsa, sau ɗaya aka ce ka saci bayanan kwastomomi, ko ka fito daga gidan yari ba mai sake barin ka taɓa masa kwamfuta.

Sufeto ya ja shi gefe.

"Ina kake ranar Lahadi?"

"Ina gida, Yallaɓai."

"Wa ya gan ka?"

"Ni kaɗai nake zaune."

"Wa ke iya buɗe ƙofar nan?"

Injiniya ya saci kallon ofishin Hajiya kafin ya amsa. "Ni kaɗai."

"To shi ke nan, aiki ya zo da sauƙi. Saje, kawo ankwa."

Ƙarar ankwa ce ta kwance masa harshe. Ya ce bankin da ke karɓar musu kuɗin kati ya gindaya sharaɗi, mutum ɗaya ne kawai zai riƙa shiga ɗakin. Hajiya kuwa ta ce ba a yi ɗakin da za a hana ta shiga a kamfaninta ba. Na'urar tana ɗaukar yatsu har goma a ƙarƙashin suna ɗaya, sai ta sa shi ya saka nata da na Akanta, mai riƙe lissafin kuɗi, a ƙarƙashin sunansa, ta kuma ja masa kunne kada ya faɗa wa kowa.

"Wato uku ke nan. Nuna mini."

Injiniya ya danna na'urar, sai ya yi turus. Yatsu huɗu ta nuna.

"Wallahi uku na saka, Yallaɓai."

"Wa zai iya ƙarawa?"

"Duk wanda nasa ke ciki."

Akanta mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta ce ba ta ƙara kowa ba, ranar Lahadi kuma tana asibiti wajen mahaifiyarta. Sufeto na shirin tashi ta miƙa masa wayarta.

"Duba wannan, Yallaɓai. Ɗazu ya shigo."

Saƙon talla ne daga wani sabon shagon takalma na intanet. Ya fara da cewa, "Barka, Malama Gwaji."

"Wace ce Malama Gwaji?"

"Babu ita. Suna ne da muka ƙirƙira a sabarmu, da shi muke gwada oda in an yi gyara. Lambar wayata aka sa mata."

Sufeto ya ɗan yi murmushi. Ɓarawon ya aika wa duk wanda ke cikin faifan, bai tsaya tsince na ƙarya ba.

"Yi odar takalmi ɗaya daga shagon nan, a kawo miki gida. Kada ki gaya wa kowa."

A sito ya tarar da Manaja, ƙanin Hajiya, zaune a kan kwali yana fifita da takarda. Fara'arsa ta yi yawa ga mutumin da kamfanin yayarsa ke shirin durƙushewa.

"Ka taɓa shiga ɗakin saba?"

"Ni da kwamfuta, Yallaɓai? Ko wayata sai an saita mini."

"Me ya sami yatsanka?"

Manaja ya dubi filastar da ke kan manuninsa. "Wuƙar yanka kwali ce."

Kafin ya tafi, Sufeto ya leƙa ofishin Hajiya ya tambaye ta ko ta taɓa ƙara yatsan wani. Ta ce ba ta taɓa ba. Jakarta take ta bincike har ya fita, ba ta ɗago ido ba.

Washegari Akanta ta zo da takalmin. Sufeto ko kallonsa bai yi ba, kwalin ya juya. An kankare tambarin da ke gefe, amma da ya ɓare sabon salatif ɗin, sai ga ragowar na kamfanin Hajiya a ƙasa. Daga sitonta kayan suka fito.

Ya tara su a bakin ɗakin saba. Injiniya ya ɗora yatsa, ƙofa ta buɗe. Akanta ma haka, Hajiya ma haka, kowa da sunan Injiniya.

"Manaja, bismillah."

"Ai na gaya maka ba na ciki, Yallaɓai." Ya ɗora babban yatsa, na'ura ta ƙi.

"Ɗayan."

"Ciwo ne."

"Saje, taimaka masa."

Saje ya ɓare filastar. Ko ƙwarzane babu. Ya kama yatsan ya danna, ƙofa ta buɗe.

Hajiya ta dubi ƙaninta. "Ni na saka shi," ta ce a hankali. "Lokacin da zan yi tafiya, don ko wuta za ta ɗauke. Auta, ka ce mini ba ka je ba. Ka rantse mini."

"Shekara da shekaru ina ɗaukar miki kwali, Yaya," in ji Manaja. "Sau nawa na ce ki ba ni wani ɓangare in riƙe? Kullum sai ki ce ban yi hankali ba. Na ce bari in buɗe nawa."

"Me ya sa ka goge sabar?" Sufeto ya tambaya.

"Don in kayansu ba su iso ba su dawo wurina."

"Ka san sunan wa zai fito?"

Manaja ya sunkuyar da kai. "Na sani."

A motarsa aka sami faifan, ƙarƙashin tayar safaya. Saje na sa masa ankwa Hajiya ta matso.

"Yallaɓai, maganar gida ce, a bar mu mu kashe ta."

"Bayanan mutane aka sace, Hajiya, ba na gidanku ba."

Saje ya tasa Manaja gaba zuwa mota. Injiniya ya jona faifan, odar mutane ta fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ta tsaya a bayansa, ido jawur, ta kasa ba shi haƙuri. Abin da ta iya cewa kawai shi ne ya cire yatsan Auta daga na'urar.

Ya cire, ya sake danna wani abu, sannan ya rataya jakarsa.

"Na cire nawa ma, ranki ya daɗe. Sunan kuma ki sa a canza, kada wani ya sake shiga da shi."