Sunan Mijinta na Fari

Tun da Mehitabel ta haihu, mijinta Elifalet maƙeri bai yi dariya ba. Namiji ne, ga shi lafiyayye, amma al'adar ƙauyukan bakin kogin Konetikat ta tsaya masa a wuya: bazawarar da ta sake aure, ɗanta na fari sunan marigayin mijinta yake ci. Marigayin kuwa shi ne Jabez, wanda kogi ya cinye.

Safiyar Lahadin baftisma, ranar da za a raɗa wa yaron suna a coci, mahaifiyar Jabez, wadda har yanzu take zaune da su, tana dama kunun masara tana yi wa jariri wasa: "Jabez ɗina ya dawo."

Elifalet ya dire cokali.

"Kujerarsa nake zama, a gadonsa nake kwana, gonarsa nake nomawa. Yanzu ɗana ma nasa ne? Faɗa mini gaskiya, Mehitabel, ni ɗan haya ne a zuciyarki?"

Kishi da mai rai da sauƙi, ko ba komai ka ga ranar da zai yi tuntuɓe. Matacce kuwa ba ya laifi, kullum ƙara kirki yake yi. Mehitabel ta san haka, shi ya sa ta daɗe tana haɗiye maganganunsa. Yau dai hawaye ya ci ƙarfinta, don ta ga auren na shirin tsagewa a kan suna.

"Maigida, in an ce Mehitabel, wa kake gani?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ke mana."

"To sunan matar babana ta fari ne, wadda ta rasu kafin ya auri innata. Innata ta sha kuka kafin ta yarda a sa mini. Daga baya ta kira shi safe da yamma, har garin nan ya manta an taɓa yin wata. Kai ne uba, kai fasto zai tambaya. Abin da ka faɗa shi zan kira."

Suka taka dusar ƙanƙara zuwa coci, shi a gaba, fuska a murtuke. Da fasto ya tambayi sunan yaro, Elifalet ya dubi tsohuwa mahaifiyar Jabez tana rawar sanyi, ya dubi jaririn da ya kwaso kunnuwa fatan-fatan irin nasa, har mutane suka fara gyaran murya.

"Jabez," ya ce, kamar ana cire masa haƙori.

Haƙurin Mehitabel bai faɗi ƙasa ba. Wanda ya yi kishi da kabari kansa yake ci, wanda ya saki kuma shi ke tashi da riba. Kafin yaron ya iya jan zugazugi, ko'ina ka ambaci Jabez a ƙauyen sai a ce, "Wane, ɗan Elifalet maƙeri?" Kuma duk garin ba bakin da ya kai na Elifalet yawan kiran sunan.