Mota Ɗaya, Gida Biyu

Merrin Pascoe ta ɗora hannu kan ƙofar motar ke nan ta ji murya a bayanta.

"Sannu, baiwar Allah. Ki bi ƙofar nan a hankali, motata ce."

Ta waiga. Wani dogon saurayi ne mai faɗin kafaɗa, sanye da kayan ma'aikatan motar asibiti, da gani daga aiki ya wuto. Murmushi yake yi irin na wanda ya riga ya gama ciniki.

"Motarka? Tun shekaranjiya na yi magana da mai ita."

"Ni kuwa tun ranar Litinin."

"To me ya hana ka zuwa tun Litinin ɗin?"

"Mutanen garin nan na Mildura ne suka ƙi daina rashin lafiya."

Dariya ta taso mata, ta danne. Ba wasa ya kawo ta ba. Ta daɗe tana neman motar gida irin wannan: gado babba a baya, wani a saman direba, ɗan kicin, banɗaki, ga rumfar da ake warewa a gefe. Ta ɗan kwana biyu, amma tsaf take.

Mai motar, wata tsohuwa da ake kira Misis Halloran, ta fito da tiren shayi. Ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Au, ku biyu ne? Tun da mijina ya rasu kaina ba ya riƙe komai. To ku zauna. Sau biyu muka zagaye ƙasar nan da shi a cikin motar nan, ba zan miƙa ta ga kowa haka kawai ba. Kowa ya gaya mini abin da zai yi da ita."

Merrin ta fara. Ita malamar firamare ce. Mahaifinta, Des, manomin inabi ne, kuma tun tana ƙarama duk Kirsimeti sai ya kwashe su zuwa bakin teku a Robe, su kafa tanti. Shekara uku da suka wuce ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye. Yanzu a keken guragu yake, tanti ya fi ƙarfinsa, otal kuma ya ce ko a mafarki.

Saurayin ya ɗago ya dube ta, sannan ya yi nasa bayanin. Sunansa Tevita Fonua. Mahaifiyarsa, Sela, daga Tonga ta zo, ta ƙarar da ƙuruciyarta tana tsinkar lemo da inabi a gonakin mutane har ta raini 'ya'ya biyar.

"A tsibiri aka haife ta," in ji shi, "amma rabonta da ganin teku har ta manta. Ba ta taɓa zuwa hutu ba. So nake in kai ta a hutun Ista."

Tsohuwar ta ajiye kofinta.

"To ai magana ta ƙare. Ke Kirsimeti, kai Ista. Ku haɗa kuɗi ku saya tare. In kun ƙi, gobe in kira dillali."

Haka Merrin ta koma gida da rabin mota da lambar wayar baƙo.

A rumfar taraktan gonarsu aka ajiye motar. Duk Asabar ɗin da ba ya aiki Tevita yakan zo, su wanke, su goge, su yi gardama a kan komai. Shi ya laƙaba mata Mai Rabi. Ita kuma ta ce Dogo, don duk shigar da zai yi sai ya buga kai a ƙofa.

Saƙo ya fara kai da komo.

"Mai Rabi, na sayo labule. Kore ne."

"Kore? A rabin wa za ka rataya shi?"

"A nawa. Naki ki bar shi haka, rana ta gasa ki."

Wata rana tana ofishin malamai lokacin tara, wani saƙon ya shigo.

"Yau na yi kuskure. Zan rubuta mai rabin mota, sai hannuna ya rubuta rabin raina. Na duba, na rasa inda zan gyara."

Ta karanta, ta kife wayar, ta sake ɗauka. Har aka kaɗa ƙararrawa tana murmushi ita kaɗai. A bakin ƙofar aji ta tsaya ta ba shi amsa.

"Malama ta duba. Babu kuskure."

Sai dai a gida akwai matsala. Tun ranar da Tevita ya fara zuwa, ya ƙaraso baranda ya gaida Des da ladabi, tsohon ya kau da kai, ya juya kekensa ya shige ciki. Bai taɓa amsa gaisuwarsa ba.

"Ba na son yaron nan a gidana," ya ce mata wata safiya.

"Me ya yi maka, Baba?"

"Bai yi mini komai ba. Ba na son ganinsa ne kawai. Ga Angus nan, mun san uwarsa mun san ubansa, gonarsu na jikin tamu. Sai ki kwaso mini wanda kika tsinta a ƙofar gidan tsohuwa?"

Angus Treloar ɗan maƙwabcinsu ne. Sun taɓa nema da Merrin, ta gaji da jin labarin taraktocinsa ta janye, amma shi bai haƙura ba.

"Motar ma," Des ya ƙara, "wa ya ce miki zan shiga? Matakala uku gare ta. Ba wanda zai sungume ni kamar jariri."

Wannan kam gaskiya ne, kuma ya daɗe yana damunta. Dabararta ita ce yayanta ya riƙa ɗaga shi. Ta faɗa wa Tevita, ya ce, "Hmm."

Farkon Disamba, da yake a ƙasar lokacin bazara ne, zafi ya fara tsananta, Tevita ya ce zai kai motar a duba inji kafin tafiya. Kwana biyu, in ji shi. Mako ya wuce babu mota. Sai ga hoto daga Angus: motarsu ce a wani fili cike da motocin gida, Tevita na tsaye yana musabaha da wani mutum.

"Ga motarki a wurin dillalai can birnin Adelaide. Abokin naki na ta ciniki. Na ce gara ki ji daga bakina."

Ta kira Tevita, bai ɗauka ba. Ta sake kira. Zuciya ta ɗebe ta, ta rubuta:

"Ka ce duba inji. Ashe sai a Adelaide ake duba inji? In sayarwa za ka yi, da ka faɗa mini ido da ido. Baba ya yi gaskiya."

Sai da yamma amsa ta zo.

"Ina aiki ne ɗazu. Ki ba ni zuwa Asabar, rabin raina."

Ta yi tsaki. Da ta nuna wa mahaifinta hoton, ta ɗauka zai ce ai na gaya miki. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa mata wayar.

"Yaron nan ba ɓarawo ba ne," ya ce a taƙaice. Ta tambaye shi yadda aka yi ya sani, ya ce ta kawo masa shayinsa.

Ranar Asabar da hantsi motar ta shigo gona tana tayar da ƙura. Merrin ta fito fuska a ɗaure, sai ta yi turus. An faɗaɗa ƙofar gefe. Tevita ya danna wani maɓalli, faifan ƙarfe ya fito a hankali ya sauka har ƙasa, daidai faɗin keke.

Kunya ta rufe ta, haushi kuma bai tafi ba.

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba? Rabinta nawa ne, Dogo."

"Na yi laifi. Fuskarki na so in gani. Ban san zan sha zagi kafin in gan ta ba."

"Ka yafe mini abin da na rubuta."

"Wane? Ni wayata ba ta ajiye irin wannan saƙon."

Des na baranda yana kallonsu.

"A mayar da ita inda aka ɗauko," ya ce da ƙarfi. "Ni ba kwandon inabi ba ne da za a loda ni da inji."

Sai aka buɗe ƙofar gaba. Wata dattijuwa mai jiki ta sauko da ƙyar, fure a kunnenta, tana dafa gwiwa. Sela ce.

"Kai ne Des ɗin? Wa ya ce maka don kai aka yi? Gwiwoyin nan a gonakinku suka ƙare. Ɗana ya yi wa uwarsa lif, kai kana baranda kana kishi!"

Ta taka ta hau faifan, ta ce wa ɗanta ya danna. Tana tashi sama tana ɗaga wa kowa hannu kamar sarauniya, har da gaida karen gidan. Merrin ta ji wani sauti da ta daɗe ba ta ji ba. Mahaifinta ne ke dariya, har da tari.

"Sauko, baiwar Allah," ya ce yana turo kekensa. "Ko hawan ma ba ki iya ba. Bari ki ga yadda ake yi."

Da ya shiga, ya dubi gadon, ya taɓa koren labulen ya taɓe baki, sannan ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba, "Matar nan ba za ta jira Ista ba. A taho da ita."

Gida biyu suka yi Kirsimeti a Robe. Sela da Merrin da Des a mota, sauran a tantuna, ana gasa naman rago ƙarƙashin rumfa. Ranar da suka isa Sela ta shiga ruwa da rigarta, ta tsaya tana kuka tana waƙa da harshensu. Des kuwa kekensa ya tsaya inda yashi ya fara. Nan ya zauna yana kallon teku daga nesa.

Tevita ya zo ya durƙusa a gabansa.

"Mista Pascoe, in ka yarda."

Merrin ta riƙe numfashi. Des ya dube shi, ya daɗe. Sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya saƙala a wuyan saurayin.

"Ai ba yau ka fara ɗaukata ba."

Tevita ya ɗauke shi, Merrin ta bi su har cikin ruwa, kanta a ɗaure. Sai da igiyar ruwa ta daki ƙirjinsa, ya ja dogon numfashi, sannan Des ya yi magana.

"Ranar da na faɗi, shi ya zo da motar asibiti. Ya same ni kwance tsakanin kunyoyi, miyau na zuba, ina kuka kamar yaro. Ya riƙe hannuna har asibiti bai saki ba. Da na gan shi a gidana sai na ji kamar ranar ce ta dawo. Kunya ce, 'yata, ba ƙiyayya ba."

Merrin ta dubi Tevita. "Ka sani? Tun yaushe?"

"Tun a gidan tsohuwar, da kika faɗi sunansa."

"Ka kuma yi shiru, yana ta wulaƙanta ka?"

"Abin da na gani a wurin aiki nasa ne, ba nawa ba. Shi ke da ikon faɗa."

Ta tsaya cikin ruwa tana kallonsu, tsohon da ya iya faɗin wannan a gabanta da saurayin da ya iya riƙe shi a ciki. Ta ji ƙirjinta ya cika, har ta so duk wanda ke bakin tekun ya juyo ya ga mutanenta.

"Tunda kana hannuna," Tevita ya ce wa Des, "akwai abin da nake son roƙo."

"Ɗan banza! Ka kawo ni tsakiyar teku sannan ka nemi 'yata? In na ce a'a ka sake ni?" Ya yi dariya. "Tambaye ta. In ta yarda, ni na ba ka."

Tevita bai ma buɗe baki ba Merrin ta ce, "Na yarda."

Bayan an gama tsinkar inabi aka ɗaura auren, a cikin gonar, ganye ya fara ja. Dangin ango suka zo da lallausar tabarma ɗaure a ƙugu bisa al'adarsu, matan cocinsu suka yi ta rera waƙa har manoman unguwa suka cire huluna. Angus ma ya zo, ya ba Tevita hannu, ya ce idonsa ne ya yi saurin yanke hukunci. Merrin ta taho a hankali, hannunta cikin na mahaifinta, yayanta na tura keken.

Da aka zauna cin abinci Des ya buga cokali a kofi.

"Ni ba mai dogon jawabi ba ne. Na raini yarinyar da ba ta yarda ubanta ya ruɓe a baranda ba. Yau kuma na samu ɗa wanda duk garin nan babu kamarsa, kuma duk mai ja ya zo ya same ni. Sela, kin iya tarbiyya."

"Sai yau ka sani?" in ji Sela.

Ta miƙe, ta dafa kan amarya da na ango.

"Allah ya zaunar da ku lafiya. Ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku kamar yadda kuka ji ƙanmu. Duk hanyar da kuka hau, ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya."

Taro ya amsa da amin. Tevita ya buɗe wa amaryarsa ƙofar gaba, ya zagaya ya tayar da mota, Merrin ta leƙo ta taga tana ɗaga hannu.

"Wannan karon ku tafi ku kaɗai," Des ya ɗaga murya. "Amma tafiya ta gaba, kujerar gaba tawa ce!"

"Mafarki kake yi, tsoho," in ji Sela, ta kama kekensa ta juya shi wajen masu rawa.