Tsagar Bangon Kicin

Da yammacin wata Talata, rana ta yi ja, wani tela ya durƙusa a kicin yana kwaɓa siminti a tsohon kwano. Gidan na masu ƙaramin ƙarfi ne, irin mai sauƙin hayar nan da ba a ba mutum sai an duba samunsa. Shekara shida ya yi yana jiran layi, ko bakwai ne, abin ya shige mini. Sharaɗi guda aka jaddada masa: wanda ya ɓata gini, a bakin zamansa. Ga mai duba gidaje zai zo ranar Asabar, ga wata tsaga a bango bayan murhu. Tsoron kada a ɗora masa laifin ya sa ya liƙe ta.

Ana kiran magariba tsakuwa ta fara zubowa daga rufi, alhali rufin lafiyarsa ƙalau. Can sai wani siririn kuka ya taso daga bangon.

"Baban Auta, kana jin abin da nake ji?" in ji matarsa.

"Famfo ne."

"Famfon ne yake kiran uwarsa?"

Auta, 'yarsu mai shekara tara, ta miƙe ta tafi kicin, ta shiga karce simintin da farce har jini ya fito. Kwana uku ba ci ba sha, sai ihu. Uwar tana toshe mata baki da mayafi don kada maƙwabta su kai ƙara.

Ranar Juma'a da la'asar sakaliya aka ɗauko wani dattijon malami. Ya zauna, ya daɗe yana karatu a kunnenta. Ɗakin ya yi tsit, ya yi sanyi. Sai bakin yarinyar ya buɗe da muryar tsohuwa.

"Ka ƙona ni, Malam. Ba inda za ni."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ka tambayi ubanta. 'Ya'yana uku ya rufe a bango. Tun kafin a kafa tubali muke nan. Da aka gine filin, tsagar nan kaɗai ta rage mana. Ya buɗe mini nawa, in sakar masa tasa."

"Kuma ki bar gidan har abada."

"Na yi rantsuwa. Amma ya fasa da faɗi, ƙaramin ba ya iya tafiya."

Malam ya dubi tela. Tela ya dubi bangon, ya tuna ɗakin langa-langar da suka baro, inda ruwan sama yake kwana tare da su.

"Gobe ne fa mai dubawa zai zo, Malam," ya ce.

"Na sani, ɗana. Ni karatu na iya."

Matar ta miƙe. Guduma ta ɗauko ta sa masa a hannu.

A bugu na bakwai bangon ya rufta. Wata iska ta fito, ta bi ta tsakanin ƙafafunsu, ta fice ta taga. Auta ta yi atishawa, ta ce, "Inna, ƙishirwa."

Da safe mai dubawa ya tsaya gaban ramin, ya girgiza kai, ya rubuta musu wa'adin wata biyu su bar gidan. Tela ya karɓi biro da hagu ya sa hannu a karkace, domin Auta ta yi barci a kan hannun damansa, kuma bai yarda ya tashe ta ba.