Ban Kashe Kowa Ba

"Kowa ya kwanta!"

Dogo ne ya daka tsawar, bindiga a hannunsa, da ƙarfe biyu na rana, a cikin babban kantin magani na bakin titi. Abokin aikinsa Duna ya ja ƙofar ƙarfe, garam! Masu sayayya suka zube a ƙasa.

Mace ɗaya ce ta ƙi kwanciya. Makullin mota na hannunta. Ta ce mijinta na cikin mota a waje, asma ta shaƙe shi, abin shaƙa kawai ta shigo saya.

"Baiwar Allah, minti goma ne," in ji Dogo. "Ba wajenku muka zo ba."

Ya tura ta sito tare da sauran, ya danna kwaɗo.

Da gaske yake faɗa. Shekara biyu ke nan da 'yarsa ta rasu a kafaɗarsa, bayan allurar jabu da ya saya a kantin nan. Ya kai ƙara, aka yi ta ce masa ya dawo gobe. Tun daga nan yake gaya wa mutanensa cewa su ba 'yan fashi ba ne, hukunci suke yankewa.

Akwatin ƙarfen mai kanti ya ƙi buɗuwa. Minti goma ya zama arba'in.

A waje, Makaniki direbansu na zaune da inji a kunne. Daga motar da ke gefensa wani mutum ya zuba masa ido, baki a buɗe, yana ƙwanƙwasa gilashi da zobensa. Asibiti na bayan layi. Makaniki ya kama marfin ƙofa, ya saki. Ya sake kamawa. Can ƙwanƙwasar ta tsaya.

"Ja mu tafi!" Duna ya faɗo kujerar baya da jaka.

A tsohon garejin da suke ɓuya Makaniki ya gaya musu abin da ya gani. Duna ya ce kwanan mutumin ne ya ƙare. Dogo ya daɗe yana goge bindigar da bai harba ba.

"Na taɓa shi?"

"Ba ka taɓa shi ba, Oga," in ji Makaniki.

"To mai kanti ne. Da bai kashe min 'ya ba, me zai kai ni can?"

"Matarsa ma haka za ta ce. Kai ne nata mai kantin."

Dogo ya kwaɗa masa mari. Makaniki bai rama ba. Ya ce zai je sayo ruwan sanyi, ya fita. Bai tsaya ko'ina ba sai ofishin 'yan sanda. Matar na zaune a kan benci, takalmi ɗaya a ƙafarta, tana ba Sufeto bayani. Ba ta san shi ba, har ta matsa gefe don ya zauna.

Kafin magariba motocin 'yan sanda biyu suka tare bakin garejin. Duna ya yi tsalle ya kama katanga, sai ƙarar bindiga, tau! Ya sulalo ƙasa, bai sake motsi ba. Dogo ya fito hannu a sama.

A ɗakin tambayoyi ya amsa komai bai ɓoye ba. Amma da Sufeto ya karanto maganar mutuwar mijin matar, sai ya ture takardar.

"Yallaɓai, wannan ba zan sa hannu ba. Ni ban kashe kowa ba."

Sufeto ya dube shi, ya ga ba wayo yake yi ba. Abin da ya fi damunsa ke nan.

Dogo ya sami ɗaurin rai da rai, Makaniki shekara bakwai. Matar ta sayar da motar, ta koma gidan yayanta da 'ya'ya uku. Mai kanti kuwa ya sake kwaɗo, ya buɗe washegari.