Neman Aure a Hawa na Bakwai

Gabar da ke tsakanin gidan Pang da gidan Lu gaba ce mai tushe, irin wadda ake bar wa 'ya'ya gado. Tushenta kuwa bututun ruwan wanke-wanke ne.

Benenmu mai hawa bakwai ne, wata masaƙa a birnin Chengdu ta gina wa ma'aikatanta tun gwiwoyinmu suna da ƙarfi. Masaƙar ta mutu, bene ya zama namu, gyaransa ma haka. Ƙa'idar da muka ɗora wa kanmu ita ce ba a taɓa abin tarayya sai kowane gida ya yarda.

Mutanen sama suna son lifta, na'urar hawa da sauka bene. Tsoho Pang na hawan ƙasa ya ce a'a, za ta tare masa taga, tsuntsunsa na keji ba ya kuka sai ya ga rana. Shi kuma yana son a sauya babban bututu, wanda ya ruɓe har yake juye masa dattin bene a kicin. Gwaggo Shu, matar marigayi Lu a hawa na bakwai, ta ce bututu lafiyarsa ƙalau, ita dai ruwanta yana wucewa.

'Yarta Lanfen aka ba shugabancin kwamitin gyara, saboda ranar zaɓen ba ta zo taro ba. Ta sauka duba bututu, ta tarar da Deming, ɗan Pang, yana kwashe ruwa da bokiti. Ta ci gaba da zuwa duba bututun har bayan kowa ya san abin da ke damunsa.

"Ɗan wa?" Gwaggo Shu ta ajiye wuƙar yanka kabeji.

"Deming, Mama. Ɗan Baba Pang."

"Au, har ya zama Baba? Mutumin da ya ajiye kakarki a sama kamar tsohuwar tabarma? Yaushe rabonta da ta taka ƙasa?"

"Shi ma kicin ɗinsa, Mama, in kin gani..."

"Ya sayi kwalekwale."

A ƙasa ma ba a yi taɓi ba.

"Duk 'yan matan garin nan," in ji Pang, "sai 'yar matar da nake dafa shinkafa cikin ruwan wankinta?"

"Baba, ba ita ta ruɓar da bututun ba."

"Ai kuwa ta gaje shi."

Lanfen ta kira taro a tsakar gida, ta kawo injiniya. Ya bayyana cewa rami ɗaya za a haƙa, a shimfiɗa sabon bututu, a kafa gindin lifta a kai, kowa ya huta. Shawarar ta yi ma'ana ƙwarai, shi ya sa ba wanda ya kula ta.

"Wai tsuntsu ya fi mutum ke nan?" Gwaggo Shu ta tambayi Pang.

"Ya fi wasu. Shi in an lulluɓe keji yakan yi shiru."

Ta ɗaga kujerar roba, aka riƙe ta. Injiniya ya naɗe zanensa ya tuna yana da wani aiki.

Deming ya sami Lanfen tana kuka a matakala.

"Mu je ofis a ɗaura mana kawai, mu kama haya can nesa," ya ce. "Su cinye benen."

"Wa zai riƙa kai wa Kaka cefane? Wa zai kwashe wa babanka ruwa? Ni ba zan yi auren da sai na sunkuyar da kai in wuce ƙofarku ba. Mu jira."

Suka jira. Duk ranar da bututu ya yi amai, Lanfen ta sauko da tsumma, Pang yana kallonta kamar ta zo sata. Deming kuma ya riƙa hawa da buhun shinkafa, Gwaggo Shu ta karɓi buhun ta rufe ƙofa. Sanyi ya zo ya wuce a haka.

Ba tausayi ya kama Pang ba, gajiya ya yi da cin abinci gaban ɗa mai fuskar zaman makoki. Ya aika a ce wa Gwaggo Shu su haɗu a gidan shayi na bakin titi, a yi maganar yara.

"Al'ada ba ta san gidan shayi ba," ta ce wa ɗan aike. "Uban ango yakan zo har ɗakin iyayen yarinya, da kaya a hannunsa, komai bibbiyu."

Kafin ranar ba mu taɓa sanin Gwaggo Shu da son al'ada ba.

Pang ya sa rigarsa mai kyau. Gwangwanin shayi biyu, kwandon lemo biyu, kwalin alawa biyu. Deming ya miƙa hannu zai taya shi.

"Kauce. Kada ta ce an ɗauko ni."

Ba wanda ya fito kallo, sai dai duk ƙofofin bene iska ta ɗan buɗe su. A hawa na uku ya tsaya nazarin bango. A na biyar ya zauna, lemo ɗaya ya gangara, ya bi shi da ido kamar mai hassada. Da ya kai na bakwai, kalmar farko ta neman auren ita ce, "Ruwa."

Kaka, mahaifiyar Gwaggo Shu, tana kujerarta a bakin taga. Ta ƙura masa ido.

"Wannan ba ƙaramin Pang ba ne, mai gudu da ƙunshin auduga a kafaɗa? Ɗana, yaushe kanka ya yi fari?"

Pang ya shafa kai. Kansa ya daɗe da yin fari, duk bene ya sani, sai ita.

"Ya tsuntsu?" in ji Gwaggo Shu.

"A sa liftar," in ji Pang.

"Ban ji ba."

"Kin ji."

"Bututun fa, Mama?" Lanfen ta leƙo daga kicin da tiren shayi.

"A sauya. Ba don shi ba. Kada a ce na aurar da 'yata gidan kwata."

A haka aka ba da Lanfen, ba wanda ya yi wa wani murmushi. Aka haƙa rami ɗaya kamar yadda injiniya ya faɗa. Ranar biki Kaka ta sauko tsakar gida, ta daɗe tana shafa itacen da ta bari yana ƙarami. Ango da amarya suka tare a hawa na bakwai don su kula da ita.

Darasin a fili yake, yara: wanda ya haɗa rufi da bututu da mutane, in ya ƙuntata musu kansa ya ƙuntata wa, kuma abin da taro ya kasa, haƙurin mutum biyu da tsumma da buhun shinkafa ya yi shi.

Liftar ta tare wa Pang taga, daidai yadda ya faɗa tun farko. Bai kai ƙara ba, don shi da tsuntsun kullum suna sama wajen jikar da Lanfen ta haifa masa. Gwaggo Shu ce ta kawo wa kwamiti ƙorafi, wai ana yawan hawa liftar.